Kwana Ashirin da Ɗaya Ban Ba Malam Magani Ba

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a wajen mai niƙa, kowa ya gan ni sai ya ce, "Malama Rabi, yaya ƙasar? Da gaske suna jin Hausa? Me kika ci har kika yi kumatu?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Kafin in fara sai da na nemi izinin maigidana, domin labarin ba ya faɗuwa sai an taɓo nasa. Ya ce, "Rubuta mana. Wanda bai san halina ba a unguwar nan ai baƙo ne."

Mahaifiyata haifaffiyar Mai Wurno ce, wani gari na Hausawa a bakin kogin Nilu. Babanmu ya yada zango a can a hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya aure ta, ya kawo ta Zariya, kuma har ta rasu ba ta sake ganin gida ba. Ƙanwarta Inna Hauwa ce ta rage. Ita ce ta sa aka turo mini saƙon murya, tana cewa idonta ya tafi, ƙafarta ta tafi, tana son ta taɓa 'yar yayarta kafin sauran su bi.

Na saurari saƙon ya fi sau goma, amma na san ba inda za ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam, wato mijina, yana fama da wani ciwo mai hawa da sauka. Kafinta ne, kuma idan yana lafiya babu mai sanyin hali kamarsa. In ciwon ya hau, barci ya ƙaurace masa, magana ba ta tsayawa, ya taɓa cire ƙofofin gidanmu duka a yini ɗaya wai zai sake su. In ya sauka, sai ya yi wata biyu kwance fuska a bango, ko gaisuwa ba ya iya amsawa. Magani yana riƙe shi, ni kuma ina riƙe da maganin. A cikin shekarun nan ban taɓa kwana a wani gida ba, ko bikin ƙanwata a Kaduna da yamma na juyo.

Malam ne da kansa ya ce in tafi. 'Yarmu Hadiza ta gama karatu tana gida, ƙanensa Bala kuma yana bayan layinmu. Na cika shafi uku da umarni, na miƙa wa Hadiza. Ta karanta ta ce, "Mama, har da yadda ake dafa masa shayi? Ni fa a gidan nan aka haife ni." Na sa wayata ta riƙa ƙara safe da yamma a lokacin shan maganinsa, don in kira in tabbatar.

Daga Zariya mota ta kai ni Kano, daga nan jirgi. Ban taɓa shiga jirgi ba. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya mai fataucin lafaya da turaren wuta, wadda ta saba hanyar. Da jirgin ya ɗaga na damƙe hannunta ban sani ba, har zobenta ya yi mini shaida a tafi. Ba ta ji haushi ba. Shawara ɗaya ta ba ni: "Mutanen nan in sun ce ki ci abinci, kada ki ce kin ƙoshi. Ba sa jin wannan kalmar, sai dai ki ɓata lokacinki."

A filin jirgin Khartoum wani ma'aikaci ya buɗe jakata, sai ga ƙullin daddawar da na kawo wa Inna. Ya ja da baya, ya toshe hanci, ya yi ta tambaya da Larabci. Ni kuwa Larabcina na Islamiyya ne. Na tattaro abin da na sani na ce masa, "Haza ɗa'amun ɗayyibun," wato wannan abinci ne mai kyau. Sai ya fashe da dariya, ya kira abokansa wai su zo su ji mai magana kamar huɗubar Juma'a. Ina tsaye ina zufa, sai wata ma'aikaciya ta leƙo, ta shinshina, ta ce da Hausa tsantsa, "Daddawa ta, ku bar mata abinta." Ta buga mini hatimi, ta ce in gaida mutanen gida.

Usman, babban ɗan Inna, shi ya zo tarbata, cikin farar jallabiya da rawani kamar tulin auduga. Gaisuwarsu sai an fara dafa kafaɗa kafin a yi musafaha. Ya ce, "Yaya Rabi, kin zaka lahiya? Ina waɗanda kinka baro?" Kunnena ya yi shekara ashirin bai ji wannan Hausar baki da baki ba. Haka mahaifiyata take magana, har muna yara muna kwaikwayonta. Nan a tsakiyar mutane hawaye suka zubo mini, Usman ya rasa yadda zai yi, ya riƙa cewa, "Malesh, malesh," wato in yi haƙuri.

Mun kwana biyu a gidan wani abokinsa saboda rajistar fasfo. A can ba a kwana a ɗaki lokacin zafi. Da magariba sai a fito da gadajen igiya tsakar gida, maza a nasu ɓangaren, mata a nasu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne karin kumallo. Da asuba aka ba ni shayi da madara da ɗan biskit, na zauna ina jiran koko ko wani abu mai nauyi. Ƙarfe takwas shiru, tara shiru. Na fara tunanin ko masu gidan ba su da hali ne. Sai wajen sha ɗaya aka shigo da faranti kamar murfin rijiya: wake da aka dama da man riɗi, ƙwai, burodi, da wani ƙosai mai ɗanɗanon tafarnuwa. Ashe haka suke yi kullum. Mu da muke cika ciki kafin mu fita aiki, sai su ga kamar muna sahur.

Rana ta uku muka hau babbar mota zuwa Sennar. A motarsu ba a ihu wa direba. Mai son sauka sai ya ƙyasta yatsu, yaron mota ya ji. Na gwada a ɓoye, yatsuna suka ƙi yin ƙara. Mun wuce gonaki iya ganin ido, da magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da zare. Kusa da Kamlin taya ta fashe. Kafin mu gama sauka, mutanen wani ƙauye sun fito da tabarmi da ruwan randa, wani dattijo yana jan hannun fasinjoji kamar ya kama ɓarayi, dole sai an ci abincinsa.

Daidai nan wayata ta yi ƙara, lokacin maganin Malam ya yi. Na duba, ba sabis. Wani ya nuna mini tudun bakin magudanar ruwa, ya ce a can ake samu. Na tattare zani na hau. Na samu Hadiza, ta ce ya sha tun ɗazu. Ina juyowa ƙafata ta zame, na nutse cikin laka har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi ke nan. Matar dattijon nan ta wanke mini ƙafa da hannunta, ta ba ni silifas ɗin mijinta. Da su na shiga garin mahaifiyata, ina tafe suna tafi a bayana.

Daga Sennar ƙaramar mota ta kai mu Mai Wurno. Ba zan iya kwatanta muku yadda abin yake ba: allunan shaguna da Larabci, mata cikin lafaya, amma mai tsire yana kiran ciniki da Hausa, tsiren ma suna ce masa agashe. Samari kuwa in sun fara jimla da Hausa sai su ƙarasa ta da Larabci.

Inna Hauwa tana zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in sake magana. Na sake. Ta ce, "Muryar Yaya ta." Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta gangaro kafaɗa, ta matsa damtsena kamar mai sayen kaza. Ta ce, "Ɗiyata, ba a ba ki abinci can Nijeriya?" Ta tambayi maigida, na ce lafiyarsa lau. Haka na saba faɗa wa kowa.

Kwana huɗu na yi ina cin kisra, wata waina ce fale-fale mai tsami da ake ci da miyar kuɓewa, ina karɓar baƙi, ana nuna mini tsofaffin da suka yi wasan ƙasa da mahaifiyata. Amma kullum safe da yamma wayata sai ta yi ƙara, in tashi da sauri in koma bayan ɗaki. Banda waɗannan, ina ƙara kira uku a tsakani. Rana ta biyar da hantsi, muna zaune mu biyu, Inna ta ce, "Ni makauniya ce, amma ba kurma ba. Wa ka ciwo gidanki?"

Sai na faɗa mata duka. Ba ta yi salati ba, ba ta ce a nemo malami ba. Ta ce, "Gobe Usman shi kai ki wurin Nafisa. Ki kwana bakwai. Ranar Talata ki bi ta inda za ta." Nafisa ita ce autarta, tana aure a wani ƙauyen Hausawa kusa da Rufa'a. Na ce wa Inna ai wurinta na zo, ba yawo ba. Ta ce, "Na taɓa ki, na ji ki. Tahi."

Muka koma Sennar, muka bi ta Madani, muka haye gada zuwa gabashin kogi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunayen matan ma na canza su, domin na yi musu alkawari. Nafisa mace ce mai fara'a, mijinta manomi ne. A gidanta na gane dalilin Inna. Babbar 'yarta, Amal, budurwa ce mai ilimi, amma lokaci-lokaci wani baƙin ciki mara dalili yakan danne ta, ta daina ci, ta daina wanka, ta ce ita nauyi ce a kan kowa. Lokacin da na je tana cikin sauƙi, ita ce ma ta yi mini lalle. Abin da ya ba ni mamaki, a gabanta Nafisa take maganar ciwon, ba raɗa, ba kallon ƙofa.

Ranar Talata bayan azahar Nafisa ta ce in yafa mayafi, za mu shan jabana. Jabana gahawa ce da ake soyawa a kan gawayi, a daka da citta, a dafa a wani ɗan tulun ƙasa. Gidan wata tsohuwar ungozoma muka je, Hajja Sa'adiyya, gajeriya mai tabarau ɗaure da zare. Mata tara na tarar a rumfarta. Kowacce tana da nata a gida: wata miji, wata ɗa, wata uwa.

Hajja ta ba ni labarin yadda suka fara. Ta ce ita ƙanwarta take kaiwa asibiti a Madani duk wata. "Sai in ga matan garinmu a layi ɗaya da ni, kowacce ta ja lafaya ta rufe fuska. Mota ɗaya muka shigo, mota ɗaya za mu koma, amma in kin tambaya sai a ce miki ciwon ido aka zo dubawa. Rannan na ce musu, jama'a, wannan ciwon ido ya yi yawa a garinmu, ku zo gidana mu sha jabana a kansa."

Suna da doka biyu. Abin da aka faɗa a rumfar ba ya fita. Sannan ba a ce wa kowa ta yi haƙuri. Hajja ta ce, "Wannan kalmar muna samunta kyauta a waje, har ta yi mana yawa."

Aka zagaya, kowacce ta faɗi yadda makonta ya kasance. Wata ta ce ɗanta ya ƙi magani kwana biyu, aka ba ta dabarar da ta yi wa wata aiki, aka kuma ce ta rubuta tambayarta, domin akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa musu lokaci-lokaci. Wata ta ce ta je kasuwar Rufa'a ita kaɗai ta sayo wa kanta turare, sai aka yi mata guɗa kamar ta haihu. Na ga ashe suna karɓar juna: yau wannan ta je ta zauna a gidan waccan, don waccan ta samu ta yi barci ko ta je gaida danginta.

Da aka zo kaina, Hajja ta ce, "Baƙuwarmu, yaushe rabonki da barci har rana ta fito?"

Na ce, "Ai shi Malam da asuba yake shan..."

Ta ɗaga hannu. "Malam yana da likita. Ke muke tambaya."

Na sake farawa, na sake komawa kan Malam. Sau uku tana tare ni. A na huɗu na gane na manta yadda ake ba da labarin kai. Sai na ji bakina yana faɗin abin da ban taɓa gaya wa ko Hadiza ba. Na ce akwai ranar da na haɗa kaya a jaka, na tafi tasha, na zauna a benci awa guda ina kallon motocin Kaduna, ban san inda za ni ba, ni dai in tafi. Daga baya na tashi na dawo na ɗora tukunya. Na ce tun ranar nake ganin kaina a matsayin muguwar mace, mai son gudu ta bar mara lafiya. Ina faɗa ina kuka, ina jiran in ga sun sunkuyar da kai.

Sai wata doguwa mai suna Ihlas, wadda mijinta ke da irin ciwon Malam, ta ajiye kofinta ta ce, "Tasha kawai? Ni sai da na kai Sennar."

Kafin a gama dariya, sai muka ji murya daga bayan zana: "Ni Gadarif na kai. Kwana biyu."

Na zabura. Ashe wani tsoho ne, Ammu Babikir, matarsa ce ba lafiya. Kunya ba ta barinsa ya zauna cikin mata, don haka duk Talata sai ya zo ya ɗaure jakinsa a bayan zanar Hajja, ya zauna wai yana gyaran akumari. Shekara biyu yana gyaran akumarin nan. Ta saman zana ake miƙa masa kofinsa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, hawayen kuka da na dariya suka haɗu, Nafisa tana bubbuga bayana.

Da za mu tashi Hajja ta riƙe hannuna ta ce, "Gajiya ba laifi ba ce. Wadda ba ta son mutum ba ta dawowa daga tasha. Amma in kika faɗi, su wa za su ɗauke ku ku biyu?" Ta sa aka auna jinina da abin awonta na da, ta ga ya hau, ta yi mini faɗa kamar 'yar cikinta.

Washegari matan suka yanke shawarar sai an gyara ni. Akwai wani abu da matan aure ke yi a can, duhan. Rami ne a ƙasa, a sa itace mai ƙamshi a ciki yana hayaƙi, mace ta shafa mai, ta zauna a kai, a lulluɓe ta da bargo mai kauri. Su suna awa guda suna hira. Ni ko minti biyar ban yi ba na fara tari, na ce a fito da ni, na ji kamar kifin da ake bandawa. Na yunƙura da bargon, na yi karo da randa. Amal, wadda uwarta ta ce ta yi wata ba ta yi dariya mai sauti ba, sai da ta zauna a ƙasa.

A kwana na goma sha uku da barina gida, da safe, Hadiza ta kira ni da kanta. Muryarta kawai na ji na san akwai magana. Ta ce Baba ya yi kwana biyu bai runtsa ba, ya fito da kayan aiki, yana cewa zai yi wa duk makarantun unguwa benci kafin Juma'a. Na san wannan hanyar, na san inda take kaiwa. Ban ƙarasa jin ta ba na fara cusa kaya a jaka. Na ce wa Nafisa a nemo mini mota zuwa Khartoum, ko jirgin gobe ne in bi. Ina cewa, "Ni na jawo. Da ban taho ba."

Nafisa ba ta yi gardama ba, ta aika aka kira Hajja. Hajja ta shigo tana haki, ta zauna a kan jakata.

Ta ce, "In kina can yanzu, me za ki yi?"

Na ce, "In kai shi wurin likitansa."

"Ɗiyarki ba ta san hanya ba? Ƙanensa ba shi da ƙafa?"

"Ba zai yarda da su ba. Ni kaɗai yake ji."

"Kin taɓa barin su gwada?"

Gaskiyarta ce, ban taɓa ba.

Ta ce, "Ko kin tashi yanzu, ba ki isa yau, ba ki isa gobe. Shi kuwa yau yake bukatar likita. Kira su ki ce su kai shi. Ki ba su zuwa la'asar. In abin ya fi ƙarfinsu, mu da kanmu za mu sa ki a mota, ni zan raka ki har filin jirgi."

Na kira Bala. Ya ce, "Yaya, ina gidan ma. Ki kwantar da hankalinki." Nafisa ta karɓe wayar ta sa a aljihunta, ta ba ni kwando, ta ja ni gonarsu ta bakin kogi tsinkar kuɓewa. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ƙaiƙayin kuɓewa ya cinye mini hannu ban ji ba. Ihlas ta biyo mu gonar, ta kama layin da ke kusa da nawa.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Hadiza ce. Ta ce da suka yi masa maganar asibiti ya yi faɗa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita kuma ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, kwana nawa rabonka da barci?" Ya yi lissafi da yatsu, sai ya ajiye zarto ya ce a kawo masa hularsa. Likita ya gan shi, ya gyara masa magani, ya ce a dawo da shi bayan kwana uku. Bala ya kwaso shimfiɗarsa ya dawo gidan.

Sannan ta ce, "Mama, in faɗa miki wani abu, kada ki ji haushi. Ki rage kiran nan. Duk sanda waya ta yi ƙara sai ya ce ga mai duba shi nan."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na zauna a kan kunyar kuɓewa. Da muka dawo gida na ba Amal wayar na ce ta kashe mini ƙararrawar, don ni hannuna ba zai iya ba. Sai da aka yi kwana huɗu kafin barcin Malam ya daidaita, kuma a kwanakin nan sau ɗaya nake kira a yini. A rana ta biyu na farka na ga rana a kan fuskata, kaji suna yawo a ƙarƙashin gadona, an rufa mini zani a ƙafa. Kowa a gidan yana tafiya da sanɗa don kada in tashi.

Na sake zama Talata ɗaya da su kafin in koma Mai Wurno. Hajja ta ba ni ɗan tulun jabana, ta naɗe shi cikin tsumma. Ammu Babikir ya miƙo mini ƙullin citta ta saman zana, har na taho ban ga fuskarsa sosai ba. Inna Hauwa kuwa da na je sallama ta sake matsa damtsena, ta ce, "Awo, yanzu an fara samun abin kamawa." Mun san ba lalle mu sake haɗuwa ba, ba wadda ta faɗa. Ta ce in yi mata magana kawai, kowace iri ce, tana son ta ƙara jin muryar. Na zauna ina ba ta labarin unguwarmu har Usman ya ce mota za ta tashi.

Masu tambayar ko na kawo tsaraba, na kawo, ta ƙare. Abin da ya rage shi ne, yanzu duk Asabar bayan la'asar mu huɗu muke zama a tsakar gidana. Ɗaya daga ciki shekara tara muna gaisawa da ita a bakin layi, ban san abin da take fama da shi a ɗaki ba, ita ma ba ta san zurfin nawa ba. Wadda ta san tana da irin wannan a gida, ƙofa a buɗe take, ba sai ta yi bayani a bakin zaure ba.

Ranar da na iso gida, Malam yana zaune a ƙofar shagonsa yana goge wata kujera. Ya ɗan faɗa, amma idonsa a kwance yake. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, na kunna gawayi na ce bari in yi masa abin da na koyo. Ina soya gahawar na ce, "Malam, ka yafe mini, na tafi na bar ka har abin ya tashi."

Ya ce, "Da kina nan ma zai tashi, Rabi. Ya sha tashi kina nan." Ya ƙara da cewa, "In faɗa miki gaskiya? Ni ma na huta."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, in na yi dariya sai ki leƙa idona ki ga ko ciwon ne. In na yi shiru sai ki leƙa ki ga ko ɗayan ne. Na san don ni kike yi, ba wanda zai yi mini abin da kika yi. Amma ina kewar matata. Na daɗe ina zaune da nas."

Maganar ta shige ni. Na zuba masa jabanar a ɗan kofi na miƙa masa. Ashe na cika citta. Ya kurɓa, ya ƙware, ya yi tari har hularsa ta faɗi, ya ce, "Wannan suke sha a garinku? Shi ya sa kika dawo da ƙarfi!" Ya kama dariya, irin mai girgiza kafaɗa, har Hadiza ta leƙo daga ɗaki.

Na ji wuyana yana son ɗagowa in duba idonsa. Na riƙe shi. Na tsayar da idona a kan gawayi, na ci gaba da fifita, na bar shi ya yi dariyarsa har ya gama.